Tukunyar gas ko rishon lantarki? Amsa ga ƙanwarmu 'yar aji ɗaya

Ƙanwata mai tambayar wanne za ta saya da kuɗin NELFUND ɗinta na farko (bashin karatu da gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai), ƙaramar tukunyar gas ko rishon lantarki: gas za ki saya, ba sai kin yi ta neman shawara ba.

Tawa mai kilo 6 ce, irin wadda ake ɗaura wa bana, wato kan murhun da wuta ke fita, a ka. Na saye ta ina aji biyu, muna haya a Danbare kusa da sabuwar BUK (Jami'ar Bayero, Kano), mu uku a ɗaki. Ban san darajarta ba sai a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya rage shi ma ya samu matsala, Arewa ta shafe fiye da mako guda a duhu. Gidan namu ɗaki takwas ne, amma tukunyar gas biyu kacal. Tun asuba ake min sallama, wannan da kofin shinkafa, waccan da ƙullin taliya, wata ruwan zafi kawai take so ta jiƙa gari. A bakin ƙofata aka yi ta garau-garau da dafa-duka, ana haska tukunya da fitilar wayar da ta rage da caji. Da gas ɗin ya ƙare, ba wanda ya ce uffan, aka yi karo-karo aka cika min. Har yanzu tana nan, fentinta ya koɗe, bana ɗaya kawai na taɓa canzawa.

Rishon lantarki kuwa na taɓa saye a aji ɗaya, don ya fi araha. Wata biyu ya yi ya narkar da soket, na biya mai gyara. Yana dafa indomi idan akwai wuta, iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Ki yi lissafi da kanki. Irin wannan risho yana jan wat 1,000 zuwa 1,500, wato awa ɗaya yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ga shi wake ba ya nuna da wuri. A watan Afrilun 2024 aka kai yunit ɗin 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225. Inda wuta take zama da tsada, inda take da araha kuma ba a ganinta. Idan mita ɗaya kuke sa wa kati da maƙwabta, ranar da suka gane kina girki da wuta, ranar za a fara 'yar tsama.

Amma ba a katin wuta kuɗin ke zurarewa ba. Kin dawo daga lacca ƙarfe shida, yunwa na cinki, ba wuta, sai ki ce bari dai yau kawai in je wurin mai shayi. Wannan "yau kawai" ita ta cinye ni a aji ɗaya. Dubu 20 ɗin da NELFUND ke ba ku a wata, idan kin raba kwana 30, naira 666 ne a rana, har da kuɗin mota da data da hoton takardu. Kuma bashi ne fa, ba kyauta ba. Babu ruwa a kai, amma shekara biyu bayan hidimar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashinki. Ni dai ba zan ci bashi in kai wa mai ƙwai da biredi ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki kula da masu sayarwa. Akwai masu ɗauko tsohuwar tukunya su fesa mata fenti su ce sabuwa ce. Ki kifa ta ki duba gindin, tsatsa a nan take ɓuya, ki duba shekarar ƙira da aka buga a jikin ƙarfen. A nan kuma za ki ga nauyinta idan babu komai a ciki, an rubuta TW. Duk inda za ki sa gas, a ɗora a sikeli kafin a zuba da bayan an zuba, idonki a kai. Wanda ya ce sikelinsa ya lalace, ɗauki tukunyarki ki yi gaba. Kin dawo ɗaki, ki shafa kumfar sabulu a wuyan banar, idan tana tasowa akwai yoyo, yawanci 'yar robar nan ce, ba tsada. Kada ki gwada da ashana, don Allah.

Idan kuɗin wata ɗaya bai kai ba, ku haɗa da abokiyar ɗakinki, amma ku yi magana tun yanzu kan wadda za ta riƙe idan kun rabu. In kuma a ɗakin kwanan ɗalibai kike, fara tambayar dokar girki a wurin, don wasu makarantun ba sa barin a shiga da ko ɗaya cikin ɗaki. Wake, manja da busasshen barkono kuwa, ki sa a aiko miki daga gida.