Gargaɗi: an sayar min da na'urar Wi-Fi mai zango ɗaya da sunan mai zango biyu

Jama'a, raina a ɓace yake, kuma ba zan yi shiru ba. Wani mai tallar kayan intanet a shafin sada zumunta ya karɓi kuɗina har kashi uku a kan na'urar rarraba Wi-Fi da ya rantse min mai zango biyu ce, wato gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Ƙarya yake yi. Zango ɗaya ne tak a cikinta, 2.4 kaɗai, kuma ya san da haka tun kafin ya ɗauko ta. Kashi uku fa. Kuɗin na'ura, wanda ya ninka na mai zango ɗaya, sai kuɗin girkawa, sai wani kuɗi da ya kira na "buɗe zango na biyu". Wannan na ukun shi ne yake hana ni barci.

Kafin wani ya zo ya ce ai ni ne ban yi bincike ba, to na yi. Na san abin da nake nema. Rautarmu, wato akwatin da yake kawo intanet cikin gida, tana falo, ɗakunan baya ba sa samun komai sai sanda ɗaya, ga Wi-Fi ɗin maƙwabta sun cika wayata in na buɗe jerin sunaye. Na karanta, na gane cewa zangon 2.4 yana tafiya nesa yana ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa: tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa hawa kan juna, ta 1 da ta 6 da ta 11, kuma Bluetooth da na'urar ɗumama abinci duk a nan suke aiki. Zangon 5 kuma ya fi faɗi, ya fi gudu, sai dai bango yana rage masa ƙarfi da wuri. Shi ya sa na shirya a ja kebul daga rauta zuwa tsakiyar gida, a kafa na'urar a sama a can, waya da talabijin su hau 5, ƙananan kaya su zauna a 2.4. Wannan tsarin wanda bai san komai ba ne? Ku faɗa min.

Kuma na yi masa tambayoyi. Na tambaye shi ma'anar 1200 da ke jikin kwalin, ya ce min megabit 300 ne a zangon 2.4, da 867 a zangon 5, a haɗa su a cike lissafi ya zama 1200. Amsar daidai ce. Na tambaye shi ko za a bar na'urar tana raba wa wayoyi adireshin shiga intanet da kanta, ya ce a'a, rauta ce mai wannan aikin, ita wannan miƙa sigina kawai za ta yi, in an bar su biyu suna rabawa sai rikici. Wannan ma daidai ce. Mutumin ya san aikin, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da jahili ne da na ce kuskure ya yi.

Ba na mantawa da lokacin da ya gama ɗaure ta a bango. Ya sauko daga kan kujera, ya goge hannunsa a wando, ya ce, "Yallaɓai, kawo wayarka." Na miƙa masa. Ya buɗe jerin Wi-Fi ya juyo min da fuskar wayar, ga suna biyu reras, na farko sunan gidanmu, na biyu sunan gidanmu da 5G a ƙarshe. Ya ce, "Yallaɓai, duba da idonka, ga su nan biyu. Ni ba na cin amana." Na duba da idona. Suna biyu na gani, eriya huɗu na gani a tsaye, fitilu suna ƙyaftawa, kwali sabo da leda. Waye a cikinku zai ga haka ya ce a kawo sukurudireba a buɗe cikinta? A nan take na tura masa cikon kuɗin na'ura da kuɗin girkawa, har na yi masa godiya. Na yi masa godiya, jama'a. Har bakin ƙofa na raka shi.

Daga baya abu ya ƙi gudu. Bidiyo yana tsayawa yana juyawa, kiran aiki yana yankewa, in yara suka kunna talabijin sai komai ya durƙushe. Ko na hau sunan farko ko na biyu, duk ɗaya. Na kira shi. A'a, tsaya, kafin wannan ma akwai maganar kalmar sirri. Tun ranar girkawa na ce ya ba ni kalmar shiga shafin saitin na'urar, ba ta Wi-Fi ba, ta ciki wadda ake canza komai da ita. Ya ce, "Yallaɓai, bar ta a hannuna, in yara suka taɓa saitin garanti ya lalace." Garanti na wata shida ya ce, da bakinsa, ina da saƙon muryar. To da na kira shi kan rashin gudu, ko dai a kiran ne ko a saƙon da ya biyo baya, sai ya ce wai zangon 5 yana zuwa a kulle daga kamfani, sunan yana fitowa amma cikakken gudun sai an sayi lambar buɗewa. Ya ce shi ma ba ribarsa a ciki, kamfani zai tura wa.

Na san abin da wasu za su ce a nan. Amma ku yi adalci: yau manhajoji nawa ne sai ka biya suke buɗe maka sauran aikinsu? Har motoci akwai masu irin wannan tsarin. Mutumin da ya shigo gidana, ya hau kujerata, ya amsa tambayoyina daidai, ya nuna min suna biyu a wayata, in ya ce akwai lambar buɗewa, mai hankali ma zai yarda. Na tura kashi na uku. Ya turo min wasu haruffa da lambobi, ya ce ya riga ya shigar daga wajensa, in kashe in kunna. Na kashe na kunna. Babu abin da ya canza, ko ƙwayar megabit ɗaya.

Ɗan yayata ne ya tona asirin. Yana karatun kwamfuta, ya zo gaishe mu, ya ji ina ta faɗa da na'urar. Ya ce, "Kawu, ba ni wayarka in gani." Bai ko taɓa na'urar ba tukuna. Ya hau sunan mai 5G ɗin, ya danna bayanin haɗin, abin da yawancin wayoyin Android ke nunawa, sai ga shi a rubuce: gigahaz 2.4. Gudun haɗi megabit 54. Ya sauke wata manhajar duba Wi-Fi ta kyauta, ya nuna min sunayen biyu zaune a wuri guda, megahaz 2437, tasha ta 6, dukkansu. Ya ce, "Kawu, da na 5 ne na gaske, da ka ga lamba irin 5180, tasha ta 36 ko 40 ko 44 ko 48." Na yi tsuru-tsuru a gaban yaron da na goya. 1200 a kwali, 54 a waya. 1200 na biya wa kuɗi ninki biyu, 54 aka ba ni.

Hatta 54 ɗin ma aikin mai tallar ne. Ya bar tsaron a kan tsohon tsarin WPA mai TKIP, wanda in an zaɓe shi gudun ba ya wuce megabit 54, ga shi kuma tsaro ne mai rauni da aka daɗe da maye gurbinsa. WPA2 ya fito tun 2004, WPA3 a 2018, amma gidana aka bari a kan wanda ya girme su. Kuma kuɗin girkawa na biya a kan wannan.

Muka sauko da ita daga bango muka juya bayanta. Sitika ce a kan sitika. Yaron ya sa farce a gefe ya ɗaga ta a hankali, ta saman mai 1200 ta ɓare, ta ƙasan ta bayyana: N300, wato megabit 300 kawai, tsarin 802.11n, gigahaz 2.4. Tsarin n ɗin nan na 2009 ne, kuma masu araha da yawa a cikinsa zango ɗaya suke da shi. Wadda na biya kuɗinta ta tsarin ac ce, na 2013, wanda ake kira Wi-Fi 5 yanzu. Ramin kebul ɗin ma 10/100 ne aka rubuta, ma'ana komai ƙarfin intanet ɗinka ba zai wuce megabit 100 ta nan ba. Sai muka kwance notinan muka buɗe murfin. Eriya huɗu a waje, amma siririyar waya biyu ce kawai ta fito daga allon ciki. Sauran biyun roba ce zalla, fayau kamar karan dawa da aka raraƙe, ba abin da ya haɗa su da komai. Na riƙe ɗaya a hannuna ina jujjuya ta, hannuna yana rawa don takaici.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne da yaron ya sa tsinke a ɗan ramin baya ya mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, muka shiga shafin saitin ta 192.168.0.1. Shafin rediyo, wato sashen da ke watsa sigina, guda ɗaya ne, babu na 5 ko a ɓoye. Amma akwai wurin kunna Wi-Fi na baƙi. Ya kunna shi a gabana, ya rubuta masa suna da 5G a ƙarshe, ya ce, "Kawu, duba wayarka." Suna biyu reras. Abin da mutumin ya yi ke nan, aikin da bai kai minti biyu ba. "Yallaɓai, duba da idonka." Na duba, kuma abin da ya shirya min in gani shi na gani. Maganar lambar buɗewa kuwa babu ita sam. Zangon 5 rediyo ne na daban da ake haɗawa a jikin allon tun a masana'anta, in babu shi babu wata lamba a duniya da za ta haifar da shi. Kuɗin kashi na uku a kan iska na biya shi.

Na kira shi ina huci, na ce, "Bawan Allah, sitika biyu na samu a bayan na'urarka." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Haba Yallaɓai, wallahi haka aka kawo min, ni ma an cuce ni, gobe zan zo da wata." Haka aka kawo maka, kuma Wi-Fi na baƙi ya raɗa wa kansa suna? Haka aka kawo maka, kuma wa ya ƙirƙiro lambar buɗewa? Goben ba ta zo ba. Ya koma cewa yana hanya, ya koma cewa ba shi da lafiya, daga nan ya toshe lambata ya yi ɓatan dabo. Na manta ban faɗa ba, tun kafin duk wannan na riga na ba wani abokin aikina lambarsa, na ce masa mutumin kirki ne ya san aiki. Da bakina. Allah Ya taimaka rabi kawai ya tura, kuma shi ma rabin ya tafi. Kiran da na yi masa in ba shi haƙuri ya fi min asarar kuɗin ciwo.

Shafin nasa yana nan, ya canza suna kawai, hotunan kwalayen su ne dai, har da kalmar nan tasa ta amana a saman talla. Ina da komai: rasit na turawa guda uku, saƙonnin murya, hoton sitika biyun, hoton eriyar da ba waya, hoton allon wayata mai nuna 2437 a sunaye biyu. Zan ɗora su duka da zarar na rufe lambobin asusuna a jiki. Wanda yake ganin ƙari nake yi ya jira ya gani.

In za ku saya, kada ku biya cikon kuɗi sai kun hau sunan na 5 kun buɗe bayanin haɗin kun ga gigahaz 5 a rubuce. Suna ba hujja ba ne, yawan eriya ma haka. Ku shafa bayan na'urar ku ji ko sitika biyu ce, ku karɓi kalmar shiga saiti a ranar ku canza ta, ku sa WPA2 ko WPA3. Duk wanda ya ce ku biya kuɗin buɗe zango ɓarawo ne.

Ninki biyu, da kuɗin girkawa, da kuɗin buɗewa, a kan N300 mai eriyar roba. Duk wanda mutumin nan ya yi wa irin wannan, ya ajiye rasit ɗinsa da saƙonninsa ya yi min magana, ina tara su ne don in kai ƙara.