Na canza hostin, domen ɗina bai tafi ko'ina ba

Kusan shekara guda na yi ina haƙuri da wani kamfanin hostin, wato masu ajiye min shafina a intanet, ba dan komai ba sai tsoron kar in tashi sunan shafina ya bi ruwa. Atamfa da leshi nake sayarwa a Kantin Kwari, ina da ɗan shafi na WordPress (manhajar gina shafi) da kwastomomi ke leƙa kaya, kuma ranar da na buɗe shi na biya kuɗin domen, wato sunan shafin, na shekara 3 a dunƙule a wajensu, .com ne. Toh ana saura sati biyu sallah shafin ya ɗauke ɗif har kwana biyu, na tura saƙo na tura saƙo amsa ɗaya ce, wai suna dubawa, ni kuma mata kwastomomi suna ta kira suna cewa hoto baya buɗewa.

Yaron da ke taya ni harkar kwamfuta ne ya ce Alhaji ai domen kaman layinka ne, hostin kuma wayar, in ka canza waya lambarka na nan. Wallahi ban yarda ba sai da na gani. Muka ɗauki bakof, wato kwafin shafin, a cPanel (wajen sarrafa hostin) muka loda a sabon kamfanin hostin, suka ba mu nemsaba guda biyu, wato adireshin da ke nuna wa domen inda shafin yake, muka shiga tsohon akawun muka goge nasu muka liƙa sababbin, shikenan fa. Ko sisi ban ƙara ba a kan domen ɗin, shekara biyun da suka rage min suna nan. An ce abin kan kai awa 24 zuwa 48 kafin ya gama zagayawa, ni dai da daddare wayata ta fara nuna sabon, kwamfutar shago kuwa sai washegari bayan azahar.

Inda na ci tuwo da ƙasa shi ne imel. Mun manta da shi kwata-kwata, ba mu buɗe akwatin a sabon hostin ba ballantana mu duba MX, wato saitin da ke nuna inda imel zai sauka, kwana uku shiru ina cewa kasuwa ce ta yi sanyi ashe saƙonni ne ke komawa wajen masu su. Laifinmu ne wannan.

Na so in kwashe domen ɗin ma gaba ɗaya daga tsohon kamfanin, sai na ga sai an cire makulli an karɓi kodin EPP, wato lambar sirrin matsar da domen, a biya kuɗin shekara guda wanda za a ɗora kan ragowar, a jira kaman kwana biyar, kuma a dokar ICANN, hukumar da ke kula da domen, ba a matsar da shi cikin kwana 60 na farkon rijista. Na ce a bari tukuna. Abin da na tabbatar kawai shi ne da sunana da imel ɗina aka yi rijistar, dan masu cewa domen kyauta wani lokacin da sunansu suke yi, ranar tafiya ake jin jiki. Kuma hostin ɗin kaɗai na soke, akawun ɗin na bar shi tunda domen a ciki yake zaune.

Sabon wajen wata huɗu kenan bai faɗi ba, hotunan leshi na buɗewa da sauri, sai dai kuɗin sabuntawa ya fi na shekarar farko da suka yi talla da shi, wannan kam bai min daɗi ba.