Awon ciki a ƙaramin asibitinmu: malamar ta san zancen mai, amma babu gwajin suga

Duk wadda ta tambaye ni ko ta riƙa zuwa awo ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwarmu, nan ƙasar Ringim, ce mata nake ta je, amma ta yi sammako. Abin da ya fi amfani a wurin shi ne bayanin da malamar awo take yi kafin a fara kiran kati. Sauran aikin irin na ko'ina ne: a hau sikeli, a auna jini, a saurari bugun zuciyar ɗa, a ba ki ƙwayar ƙarin jini da maganin zazzaɓin cizon sauro. Bencina ba su isa ba, rabinmu a tabarma muke ƙarƙashin darbejiya.

Ranar da ta yi zancen maiƙo, kwalabe uku ta jera a kan teburi. Ɗaya man gyaɗa, ɗaya manja, ta ukun wani baƙin mai ne mai kauri da ta karɓo daga kaskon mai ƙosai, wanda aka kwana biyu ana soya abu a cikinsa ana ƙara sabo a kan tsoho. Ta ɗaga ta sama, ta ce wa zai ɗura wa jaririnsa wannan? Aka yi ta dariya. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta ce, "Malama, mu da man shanu muka haifi namu, ga su nan garau." Malamar ba ta musa mata ba. Ta ce, "Gaskiya ne Iya, amma ku daka kuke yi, ku ɗebo ruwa, ku je gona. Kuma cokali guda kuke sa wa tuwo, ba ludayi ba."

Wannan ne ya burge ni, ba ta hana mai ba. Ta ce mai ciki na bukatarsa, domin maiƙon da uwa ta ci yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗa, da shi ake gina ƙwaƙwalwa da ido, musamman a watanni ukun ƙarshe. Ta fi matsa wa kifi. Titus da sardin sun fi kifin ruwan daɗi yawan irin man da ake kira DHA, wanda ke taimakawa wajen gina ƙwaƙwalwa da idon, amma ta ce ko bandar tarwaɗa ce aka samu a ranar kasuwa, a jefa a miyar kuka. Sai riɗi, gyaɗa da ƙwai. Manja ma ta yabe shi saboda sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, muddin ba a ƙona shi har ja ɗin ya gudu ba.

Da yake kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare, na san maganarta na da tushe. A Amurka an ciyar da birai masu ciki abinci mai yawan kitse, aka tarar hantar 'ya'yan ta fara tara kitse tun suna ciki. A ɓeraye ma an sha ganin 'ya'yan irin waɗannan iyaye suna tasowa da ƙiba, jikinsu ba ya jin insulin (sinadarin da ke daidaita suga a jini) yadda ya kamata, wato hanyar ciwon suga ke nan. Yawancin hujjar kitse daga dabbobi take. Ta ɓangaren yunwa kuwa a kan mutane aka gani: waɗanda suke ciki lokacin yunwar ƙasar Holan ta 1944 zuwa 1945 sun fi sa'o'insu fama da matsalar suga da ƙiba da suka manyanta. Mu nan wannan ɓangaren ya fi shafarmu. Har yanzu akwai gidan da ake rage wa mai ciki abinci wai kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Malamar ta faɗa a fili cewa ɗan da aka haifa ƙasa da kilo 2.5 ba a yi masa gata ba.

Inda suka gaza shi ne gwajin suga. Ana yin sa ne tsakanin mako na 24 da na 28, su kuwa ba su da kayan, sai su rubuta miki takarda zuwa babban asibiti. Kuɗin mashin zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya sa mace ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin katifa. Malamar ta kuma ce a sayi man gwangwani mai tambarin ido, wanda aka ƙara wa bitamin A, alhali mu na awo muke saya a ƙulle a leda. Da ta koya mana yadda za mu gane gyaɗar da ta yi fumfuna kafin a tatse ta, da ya fi mana amfani, tunda dafin da ke cikinta hanta yake taɓawa.

Sannan duk wannan bayani mata kaɗai ke jin sa, alhali maza ke cefane. Na roƙe ta ta sa ranar magidanta ko da sau ɗaya a wata, bayan sallar Juma'a. Ta ce in fara kawo nawa.