Asusun katakon da na saya a Kasuwar Rimi, bayan shekara guda

Ranar da na dawo Kano daga sansanin masu hidimar ƙasa, a damunar 2024, Umma ta ce in je Kasuwar Rimi in sayo asusu kafin in koma garin Lafiya na jihar Nasarawa inda aka tura ni. Na ce, "Umma, alawus ɗin fa ta banki ake turowa." Ta ce, "Kuɗin da ke cikin waya ai a bakin hanya yake, kowa ya zo wucewa sai ya ɗiba. Je ka sayo."

A rumfar wani dattijon kafinta na same shi, naira 2,500. Girmansa bai wuce burodin yanka ba. Katako ne mai kauri, an manne shi da gam sannan aka bi kowace kusurwa da ƙananan ƙusoshi, babu murfi, babu kwaɗo, sai 'yar tsaga guda a sama. Na tambayi baban ko yana da mai makulli. Ya ɗago kai daga abin da yake gogewa ya ce, "Yaro, mai makulli ai akwati ne. In kana son akwati ga su can." Wannan maganar ita ce duk amfanin abin. Na ga na yumɓu da na gwangwani a wasu rumfunan, amma na yumɓu ba zai jure tafiya a mota ba, na gwangwani kuwa da wuƙar kicin ma sai a buɗe shi.

Abin da nake tara wa kuɗin guda ɗaya ne: watannin da ke biyo bayan gama hidima. Ba wanda ya zauna ya faɗa mana cewa neman aiki shi ma jari yake so. Alawus na tsayawa, amma data ba ta tsayawa, ga buga takardu, ga hoton fasfo, ga kuɗin mota in an kira ka jarrabawa ko intabiyu a wani gari, sau da yawa da sanarwar kwana biyu kacal. Na ga yayan abokina ya rasa intabiyu a Abuja don bai haɗa kuɗin mota a kan lokaci ba, abin ya tsaya min a rai.

Lokacin alawus naira 33,000 ne. Duk ranar da ya shigo sai in je wurin mai POS in ciro 4,000 in zura kafin in sayi ko da gishiri. Da aka fara biyan 77,000 a watan Maris na 2025, ban canza cimata ba, na mayar da zubin 25,000. Abin da nake samu a darasin yamma da nake yi wa yaran maƙwabta ma wani lokaci nakan jefa ɗari biyar ko dubu. Sau uku na ɗauki asusun da niyyar fasawa, ɗaya daga ciki da dare ne wayata ta lalace. Sai ka nemo guduma, ka fita waje, maƙwabta su ji ƙara, kafin nan zuciyar ta huce. Da a waya kuɗin suke, da minti ɗaya ya ishe ni in kwashe su. Haka kuma in aboki ya ce in ranta masa, ina faɗa masa gaskiya cewa babu a hannuna, ba tare da na yi ƙarya ba.

Da na fasa shi bayan na karɓi takardar kammalawa, na ƙirga naira 141,500. Da su na je Abuja sau biyu, Kaduna sau ɗaya, na ɗinka kaya masu kyau saiti ɗaya, na riƙe data ta wata huɗu. Aikin da nake yi yanzu a tafiya ta uku na same shi, ban roƙi kowa kuɗin mota ba.

Sai dai yana da aibu, kuma ba ƙarami ba. Tsagar ta yi ƙunci, sai ka ninke takarda sau uku kafin ta shige, na yaga 'yan ɗari biyar guda biyu a haka. Babba kuwa ita ce ruma. Ɗakina na Lafiya yana jiƙe da damuna, na kuma ajiye asusun a ƙasa ƙarƙashin gado. Takardun da suka kwanta a gindi sun fito da funfuna, suna wari, wasu sun manne da juna sai da na shanya su a kan tabarma ina ɓanɓarewa a hankali. Naira 5 zuwa 50 na leda ne, ba ruwansu da ruma, amma daga 100 zuwa 1,000 takarda ce. Duk wanda zai saya ya ɗora shi a kan kanta ko saman durowa, ya kuma riƙa duba gara.

Akwai abin da ya fi funfuna cin kuɗi, shi kuma ba laifin kafinta ba ne. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Dubu huɗun da na zura a watan Agusta ba ita na ciro ba, ko da yake takardar ba ta canza ba. Ban manta kuma da farkon 2023 ba, lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000, yadda gwaggona ta fasa asusunta uku a dare ɗaya, ta yi sammakon layin banki tana tsoron kada tarin shekara biyu ya zama takardar ƙunshin ƙosai. Don haka ni a ganina asusu na buri ne mai gajeren zango, wata shida zuwa shekara. Kuɗin aure ko na fili ba nan ne wurinsu ba. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana iya jiran sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara fitarwa a 2017, ana shiga da naira 10,000, ana kuma biyan ladan haya sau biyu a shekara. Can nake shirin kai abin da ya wuce buƙatar kusa.

Makon jiya na koma rumfar baban na sayo biyu, ɗaya nawa na kuɗin haya, ɗaya na ƙanwata da za ta shiga sansani. Na roƙe shi ya faɗaɗa tsagar kaɗan, ya kuma buga wa kowanne 'yan ƙafafu huɗu don kada ya taɓa ƙasa. Ya ƙara min naira 300 a kan kowanne, na biya.