Tsohuwar waya da sabon Android: a sabunta ta, a kai ta filashin, ko a yi ciko a sake wata?

Galibi manhajar banki ce ke fara tona asirin tsufan waya. Ka buɗe ta, ta ce sai ka sabunta. Ka shiga Play Store, ya ce sabuwar ba ta dace da wayarka ba. Waya lafiyarta lau, allo bai fashe ba, tana riƙe caji, amma Android ɗinta ya tsaya a 8 ko 9, alhali na 16 ya fito tun watan Yunin 2025. Masu iPhone 6 sun ɗanɗana irin wannan a 2025, lokacin da WhatsApp ta daina aiki a duk iPhone ɗin da bai kai iOS 15.1 ba, ita kuwa iPhone 6 a iOS 12 ta tsaya. Hanyoyi huɗu ne a gaban mai irin wannan waya, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Akwai abin da idan aka gane shi, rabin cutar da ake yi wa mutane ta ƙare. Google ne ke yin Android, amma ba shi ke aiko maka ba. Kamfanin da ya ƙera wayar ne ke ɗauka ya daidaita shi da injinta, da kyamararta, da abin kama sabis, da taimakon masu yin ƙwaƙwalwar injin irin su Qualcomm da MediaTek da Unisoc. Ranar da kamfanin ya ɗauke hannu daga wannan samfurin, sabuntawa ta tsaya ke nan. Shiga Settings, ka gangara About phone, ka duba layi biyu: lambar Android, da kuma kwanan watan facin tsaro, wanda ake rubutawa security patch level. Na biyun ya fi muhimmanci ga mai ajiye kuɗi a waya. Android 13 mai facin watanni uku da suka wuce ya fi Android 14 da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Hanya ta farko ita ce wadda kamfani ya aiko da kansa, kuma idan tana nan babu abin tsayawa shawara. Tana cikin Settings, a Software update ko System update. Mutane da yawa sun yi shekara suna kore saƙonta don tsoron data, sai ka tarar sigogi biyu na jiransu a jere. Kyauta ce, ba ta goge komai, amma tana da sharuɗɗa. Babbar sabuntawa kan ci giga biyu zuwa huɗu, wani lokacin fiye, don haka a nemi wayifai ko datar dare. A share wuri a cikin wayar kanta, aƙalla ninki biyu na girman abin da za a sauke, domin sai ta kwance shi kafin ta girka, kuma katin memori ba ya shiga wannan lissafin. Caji ya haura rabi, ya fi kyau ya kusa cika, don kada a dogara da wutar da za a iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Wayar da batirinta ya kumbura, ko take mutuwa daga kashi talatin, a fara canza mata batir, don mutuwa a tsakiyar girkawa na cikin abubuwan da ke barin waya tsaye a kan tambarin kamfani.

Kafin ka danna, ajiye hirarrakin WhatsApp a Google Drive, ka kwashe hotuna, sannan ka tabbata ka san adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa a ka. Wannan na ƙarshen ya sa mutane asara ba kaɗan ba. Wani a shago aka buɗe masa Gmail shekaru biyar da suka wuce, bai taɓa rubuta kalmar ba. Idan abu ya cije har aka goge wayar, za ta nemi wannan asusun kafin ta buɗe, tsarin da Android ke da shi tun siga ta 5.1.

Bayan an gama, wayar za ta yi ɗumi ta sha caji na kwana ɗaya ko biyu tana sake tsara manhajoji. Ba lalacewa ba ce. Abin da ba ya warwarewa shi ne komawa baya. Apple na daina amincewa da tsohuwar siga jim kaɗan bayan sabuwa ta fito, Samsung kuma na da wata lamba a cikin manhajarta da idan ta hau ba ta sauka, ita ke hana ɗora tsohuwar siga. Mai waya mai ram giga biyu ko uku ya ɗan dakata mako biyu, ya ji abin da masu irin wayarsa suka gani. A kuma sani cewa daga Android 14 wayar na ƙin girka manhajojin da aka yi wa sigogin da suka gabaci Android 6. Tsohuwar manhajar Alƙur'ani ko ta wani littafi da ake turawa ta Xender, idan tana kai za ta zauna, idan ka goge ta ba lallai ta sake hawa ba.

Hanya ta biyu ita ce mai shagon da zai ce kawo a yi maka filashin a ɗora sabon Android. Filashin sana'a ce ta gaske, kuma a Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, akwai gwanayenta. Amma aikinsa mayar da manhajar da kamfani ya riga ya fitar ne, ga wayar da ta maƙale ko ta ƙi karɓar sabuntawa ta iska, wato wadda ke saukowa ta intanet. Ba ya ƙirƙiro sigar da babu ita. Wanda ya karɓi kuɗinka a kan zai mayar da wayar 2019 zuwa Android 15 cikin minti ashirin, abin da zai yi bai wuce canza fuskar allo da zanen manhajoji ba, ko gyara lambar da ke bayyana a About phone.

Ko filashin na gaskiyar ma a tsaya a kai. A Samsung, manhajar Odin da ake filashin da ita na da manyan gurabe huɗu: BL, AP, CP da CSC. Idan aka sa fayil ɗin HOME_CSC kayanka za su tsira, idan aka sa CSC zalla an share komai. A wayoyin MediaTek, wato yawancin Tecno da Infinix, ana aiki da SP Flash Tool, kuma a cikinsa akwai zaɓin Format All + Download. Wanda ya danna shi ya goge inda lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, take. Waya za ta kunnu tsaf, ta ga layi, amma babu sabis. Idan kuma aka ɗora fayil ɗin wani samfurin mai kama da naka, tana iya mutuwa murus, ko fitilar caji ba za ta nuna ba. Danna *#06# ka rubuta lambobin IMEI da za su fito a takarda kafin ka miƙa wayar, ka sake dannawa a gaban mai gyaran kafin ka biya.

Hanya ta uku ita ce Android ɗin masu sa kai, wanda ya fi shahara a ciki shi ne LineageOS, magajin CyanogenMod da aka rufe a ƙarshen 2016. Wannan kam sabon Android ne na haƙiƙa: LineageOS 21 shi ne Android 14, na 22 kuma Android 15. Sai dai dole a buɗe makullin tushen wayar, abin da ke goge komai, kuma daga nan manhajojin banki da dama kan gane an taɓa ta su ƙi aiki. Wanda banki ya koro, ya ga bai ci riba ba ke nan. A Samsung, ɗora manhajar da ba ta kamfani ba na ƙona alamar tsaronta mai suna Knox har abada, ma'ajiyar sirri ta Secure Folder ta tafi ba dawowa. Huawei ta daina ba da lambar buɗewa tun 2018, kuma da wuya ka ga Tecno ko itel a jerin wayoyin da LineageOS ke tallafawa. Ya dace da tsohuwar Pixel ko OnePlus da aka ware don karatu da sauraron wa'azi. Ban ba wa ɗan kasuwa shawarar ya ɗora shi a wayar cinikinsa ba.

Ta huɗun ita ce zaɓina ga duk wanda kamfani ya riga ya yaye wayarsa: a sayar da ita tun tana da daraja, a yi ciko, a ɗauki wadda ranar ƙarewar tallafinta sananniya ce. A nan matsakaitan Samsung na jerin A sun yi wa saura nisa. Galaxy A54 da A34 sun fito a 2023 da Android 13, da alƙawarin manyan sabuntawa huɗu da facin tsaro na shekara biyar, wato har Android 17 da shekarar 2028. A55 da A35 na 2024 alƙawarinsu ɗaya, sun kai 2029. A16, wadda ba ta manyan masu kuɗi ba ce, shekara shida aka yi mata. A53 ta 2022 tana dab da gangara, facinta zai ƙare a 2027, don haka sai in da sauƙin kuɗi sosai. A14 kuwa manyan sabuntawa biyu kacal aka ba ta, kada kamar suna ta ruɗe ka. Shekarun nan daga ranar da samfurin ya fito ake ƙirga su, ba daga ranar da ka saya ba. Sabuwa dal a kwali da ta yi shekara uku a kan kanta ta riga ta cinye uku daga cikinsu.

Abin da ya ƙara musu daraja a wurina shi ne kayan gyara. Allo, batir, bakin caji, duk ana samunsu a manyan kasuwannin waya na Arewa, kuma masu gyara sun saba da cikinsu. A nemi mai ram giga shida ko takwas da wurin ajiya giga 128, domin sigar da za ta zo nan da shekara uku ta fi ta yau nauyi. A duba harafin ƙarshe na lambar samfuri: SM-A546E ita ce ake kawowa Afirka da wasu ƙasashen Asiya, mai B ta Turai ce, duka biyun suna karɓar sabuntawa lafiya. Mai U ta Amurka ce, kuma waɗanda kamfanonin layi na can suka sayar wasunsu ba sa karɓar sabuntawa ta iska idan suna waje.

Pixel 8 da Galaxy S24 shekara bakwai aka yi musu, amma kuɗinsu daban ne, kuma allon Pixel wahalar samu gare shi. Tecno da Infinix sun fara ba da alƙawari a manyan Camon da Note, ƙananan kuwa da yawansu da sigar da suka zo suke tsufa. A iPhone, 11 ce mafi tsufa da ta samu iOS 26. XR da XS sun tsaya a 18, 8 da X a 16.

Yanzu ga inda ake kwana. Lambar Android da ke About phone rubutu ne kawai, kuma masu jabun waya sun iya canza shi. Akwai wayoyi masu jikin S24 Ultra, kwali mai sheƙi, suna nuna Android 14 da ram giga 12, cikinsu kuwa tsohon inji ne. Sauke AIDA64 ko DevCheck daga Play Store da hannunka, kada ka yarda da wadda ka tarar a kai, ka duba layin API level. Android 11 lambarsa 30, na 12 lambarsa 31, na 13 kuwa 33, na 14 shi ne 34, na 15 kuma 35. Wayar da ta ce ita 14 ce amma ta nuna 27 ko 28, Android 8.1 ko 9 ne aka yi wa kwalliya. Haka manhajojin da ke cewa za su sabunta maka Android idan ka sauke su, ko saƙon da ke faɗowa a burauza wai wayarka ta tsufa ka danna nan. Sabuntawar gaske daga cikin Settings kawai take zuwa. Waɗancan manhajojin talla suke cusawa, wasu kuma su nemi izinin karanta saƙonninka, inda lambobin banki ke shigowa.

A tokumbon iPhone tarkon ya fi zurfi, kuma sabuntawa ce ke tona shi. Akwai wadda ke kulle da iCloud ɗin mai ita na asali aka kewaye kullen da dabara. Tana aiki har ranar da ka goge ta ko ka sabunta, sai ta koma tana neman asusun mutumin da ba ka taɓa gani ba. Akwai mai kulle da layin waje da ake saƙala wa siririn cif a ƙarƙashin sim, ita ma sabuntawa na iya yanke mata sabis. Akwai XR da aka sa wa rigar 13 Pro ko 14 Pro, ido uku a baya amma ɗaya ne ke gani. Shiga Settings, General, About: a nan sunan samfurin na gaskiya yake, da layin Carrier Lock wanda ya kamata ya ce No SIM restrictions, da tarihin kayan da aka canza. A Android kuma ga wayoyin bashi da ake biya kaɗan-kaɗan. Wani ya karɓa ya sayar bai gama biya ba, ranar da wa'adi ya cika a kulle ta daga nesa, tana hannunka.

Gwaji ɗaya ne ke kama yawancin waɗannan, kuma a shagon ake yin sa kafin kuɗi su fita. Ka ce a goge wayar gaba ɗaya a gabanka. Ka sa layinka, ka haɗa ta da intanet, ka shigar da naka Gmail ɗin ko Apple ID, ka kira wani ka ji murya. Ka gwama IMEI na *#06# da na jikin kwali ko rasit. A Samsung ka danna *#0*# ka duba allon da launi ja, kore da shuɗi, ko akwai layi ko tabo. Sannan ka shiga Software update ka danna nema. Idan ta sauko da wani abu, ko ta ce ta kai ƙarshe kuma facinta na kwanan nan ne, madalla. Idan ta ce an taɓa manhajarta ba za ta iya sabuntawa ba, ajiye ta a kan teburin. Mai kayan da ya ce gogewa ɓata lokaci ne, ko ya ce ka saya amma kada ka kuskura ka sabunta, ya riga ya faɗa maka abin da ke cikinta. A rasit kuma a rubuta IMEI, da sunan shago, da adadin kwanakin da aka ba ka na gwaji.