Etymonline, ga mai son sanin tushen kalmomin Turanci

Gaskiya wannan ƙamus na intanet ya burge ni, kyauta ne kuma tun 2001 Douglas Harper ke tattara shi. Na nemi defer saboda yadda take rikita ɗalibaina, yau tana nufin ɗage abu zuwa gaba, gobe kuma bar wa babba magana don girmamawa, ashe kalmomi biyu ne daban suka zo da rubutu ɗaya, ta ɗagewar daga Latin differre ta fito, dangin differ ce, ta girmamawar kuma daga deferre, ita ta haifi deference. Procrastinate ma akwai cras a ciki wato gobe, irin "sai gobe" ɗinmu kenan. Sai dai Turancinsa da nauyi wallahi, ɗan sakandare sai ya sha fama.