Tulun ƙarfe mai gas na zoɓo: abin da na gani bayan wata huɗu

Sana'ata zoɓo da lemun citta, ina kai wa gidajen biki a Tarauni da Hotoro. Kafin azumi na sayi tulun ƙarfe mai cin lita 19, haɗe da silindar gas irin wanda ake sa wa lemun kwalba (CO2, ba na girki ba), da regileta, da tiyo, da ɗan famfo, don zoɓona ya riƙa tsartsa a baki kamar lemun kwalba. Ƙarfen mai kauri ne, murfin yana kamawa gam, wanki ba wuya. A nan ban da ƙorafi.

Ranar da na fara fita da shi, wani kamu ne cikin zafin Afrilu. Na murɗa famfo, kumfa ja ta cika kofi, zoɓon bai kai rubu'i ba. Uwar amarya ta ce, "Hajiya, zoɓo muka saya ko omo?" Wallahi raina ya ɓaci, don zoɓon ya yi daɗi, kanumfari da citta sun ji.

Sai da ƙanena mai gyaran firji ya zauna da ni muka bi abin daki-daki. Babban mai laifi zafi ne. Gas yana zama cikin ruwa ne idan ruwan ya yi sanyi sosai, wajen digiri 3 ko 4. Da ya fara ɗumi sai gas ɗin ya nemi hanyar fita, shi ne kumfar. Ni kuwa na ɗauko tulu daga firizar da aka ɗauke wa wuta tun asuba, ya sha girgiza a adaidaita sahu, na kuma buɗe shi nan take. Yanzu cikin baho nake binne shi da ƙanƙara, har tiyon nake cusawa ciki, in bar shi ya huta awa guda.

Na biyu shi ne tiyon da aka haɗo da kayan, kuma nan ne nake jin haushin mai shagon. Bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Abin sha mai gas da yawa yana son matsi kusan psi 25 (ma'aunin matsin gas ke nan), kuma gajeren tiyo ba ya rage masa gudu, sai ya fito kamar an ɓalle famfon wanke mota. Da muka sa siriri mai tsawon mita 7, zuba ta dawo a hankali. Me zai hana a faɗa wa mai saye tun a shago?

Tacewa ma tana da hannu. Ɗan burbushin citta da ya tsallake rariya yana tayar da kumfa, don haka sau biyu nake tacewa da farin ƙyalle. Famfo kuma a buɗe shi gaba ɗaya, a karkata kofi. Rabi-rabi tofi kawai yake yi.

Mai firiza da sola ko janareta, ta saya, za ta ji daɗinsa. Wadda ke dogara da wutar unguwa ta fara lissafin kuɗin ƙanƙara tukuna. Ni dai na yi odar na biyu saboda bukukuwan bayan Babbar Sallah, na kuma ce su riƙe tiyonsu.